Shinkafa a Aljihun Hagu

A ƙofar makarantar, can saman tudun Garut,
inda gonakin shayi ke hawa dutse layi-layi,
aka ajiye kwandon wankin shinkafa.
Kowacce ta jefa wayarta.
Tawa ta faɗa kan ta Cucu, ta yi wal sau ɗaya
kamar kifin da aka tsamo daga ruwa,
aka rufe su da ganyen ayaba.

Kwana uku ne kacal, in ji su.
Azumi yana da sha biyu.

Daren farko cinyata ta yi ta tsuma
daidai inda aljihu yake.
Na kai hannu. Wayam.

Nyai Rohanah, tsohuwa mai haƙorin azurfa,
ba ta yi mana wa'azin wuta ba.
Ta bi sahu da ɓawon kwakwa a hannu,
tana zuba mana ɗanyar shinkafa a aljihun dama.
Ta ce, “In kin farga zuciya ta tsinke igiya,
kada ki zage ta, kada ki bi ta da gudu.
Ɗauki ƙwaya ɗaya ki mayar hagu,
ki koma kan ayar da kika bari.”

Na buɗe Alƙur'ani. Layi biyu na yi,
jarrabawar lissafi ta zo ta zauna gefena. Ƙwaya.
Tsaka ta yi kuka a rufi, na ƙirga mata bakwai. Ƙwaya.
Ƙamshin ayaba cikin madarar kwakwa
ya taso daga madafa tun la'asar ba ta yi ba,
ƙwaya uku a jere.
Sai Dadan mai jan babur,
wanda na rantse ba zan tuna ba.
Shi kam da yatsu huɗu na ɗiba.

Da aka buga babbar gangar magariba
na zazzage hagu a kan tabarma:
ɗari da arba'in da ɗaya.
Kunya ta hana ni ɗaga kai.
Nyai ta yi dariya har azurfar ta fito,
“Sau ɗari da arba'in da ɗaya kika dawo gida.
Ni ina kamarki, in na fita da hantsi
sai dai a neme ni da fitila.”

Dare na biyu, haske a ƙarƙashin bargon Cucu.
Ashe wata wayar ta ɓoye cikin safa.
Uwarta na Taiwan tana jinyar tsohon wasu,
ba ta samun sukuni sai daren Asabar, in ya yi barci.
Daɓen gora ya yi ƙara. Muka ɗauke numfashi.
Nyai ta daɗe a tsaye.
“Ki gaishe ta,” ta ce. “In kin gama ki kawo mini.”
Ta zauna bakin ƙofa tana jan carbi,
tana kore mana sauro da gefen mayafi.

Da safe na tambaye ta, wannan ƙwaya nawa ce?
Ta dube ni, ta ci gaba da tsintar barkono.

Daren ƙarshe ruwa ya sauko kan kwano,
kwaɗi suka ɗauka daga fadamar ƙasa.
Muna tsaye, liman na jan doguwar sura,
ban san inda ƙafafuna suke ba,
ban ji ruwan ba, ban ji kwaɗin ba,
har na ce a raina, kai, yau ban fita ko'ina ba!
Bayan sallama na mayar da ƙwaya ɗaya.

Aka tara ta hagun kowa a tukunya guda,
mu talatin da shida, har da ta Nyai,
wadda ba ta fi cikin cokali ba, amma akwai.
Da ita muka yi sahur, da gishiri da soyayyen kifi.
Ba ta ishe mu ba, sai da aka ƙara.

A mota, saƙo sittin da uku na jirana.
Na yi niyyar ba zan duba ba sai mun wuce gada.
Ko kwanar farko ba mu sha ba.
Hannun dama na kan gilashi yana ta sintiri,
na hagu ya shiga aljihu,
ya taras da ƙwaya ɗaya maƙale a ɗinki,
yana ta juya ta har Bandung.